Fashin baƙi: Me ya sa bel ɗin da baduku ya zana da hannu yake tsada haka?

Me zai sa bel guda, wanda aikinsa bai wuce riƙe wando ba, ya ninka na bakin titi sau goma a kuɗi? Wannan tambaya ta yawaita tun da matasan dukawa suka fara tallata aikinsu ta waya. Da zarar mutum ya nuna hoton bel mai zanen ganye ko dagi, ya faɗi kuɗinsa, sai a yi masa ca. Wani ya ce ai a Kano ake jeme fatar, ba daga Italiya aka kawo ta ba, to tsadar ta mece ce? Wani ya ce da wannan kuɗin sai ya sayi biyar a Sabon Gari har ya rage kuɗin mota. Shi kuwa baduku, in ka same shi a rumfarsa, kukansa daban ne. Zai ce maka yini biyu ya yi a duƙe, amma da aka gama ciniki abin da ya rage masa bai kai ladan ɗan dako ba.

Ban ga maƙaryaci a cikinsu ba. Abin da ya raba su shi ne suna kiran suna ɗaya, alhali kowa da abin da yake nufi.

Abu uku ake kira "bel na fata"

Na farko na roba ne. Yadi ne ko kwali aka lulluɓe da roba, aka danna masa tabo-tabo irin na fata. Yawancin waɗanda 'yan talla ke rataye da su a kafaɗa a tashar mota irinsa ne. Bayan 'yan watanni sai ya fara saɓulewa daidai hujin da aka fi amfani da shi.

Na biyu ne yake rikita mutane, domin da fata a cikinsa. A masana'anta akan tsaga ƙirgin sa ta kaurinsa, a raba shi gida biyu ko uku. Ɓangaren sama, inda gashi ya tsiro, shi ne mai ƙarfi. Na ƙasa sako-sako ne, sai a shafe shi da roba a yi masa fuskar aro. Akwai ma wanda ake niƙa ragowar yanke-yanke, a kwaɓa da gam, a matse ya zama falle. Duk waɗannan ana buga musu tambarin Turanci mai cewa fatar gaske ce, kuma ba za ka iya cewa an yi ƙarya ƙarara ba. Shi ya sa gwajin da 'yan kasuwa ke yi na kusanta ashana ga bel bai isa hujja ba. Duba bakin da aka yanka ya fi: in ka ga hawa-hawa kamar an jera takardu, manna shi aka yi.

Na uku tsiri ne guda na ƙirgi, mai kaurin milimita 3 zuwa 4, da fuskarsa ta asali. Irinsa kaɗai ke karɓar zanen hannu, kuma ko shi ma sai in an yi masa jimar da ta dace.

Bagaruwa da kurom

Jima iri biyu ce, kuma bambancinsu shi ne tushen maganar.

Ta gargajiya ita ce wadda majemanmu suka gada. A jiƙa fata, a sa ta cikin ruwan toka har gashi ya saki, a karce, a tausasa ta, sa'an nan a tsoma ta cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa. Baurin nan da ke ɗaure wa mutum baki in ya tauna bagaruwa, shi ne ke ratsa fatar ya hana ta ruɓewa. Fatar akuya da ta tunkiya ba su da kauri, 'yan kwanaki sun wadatar. Ƙirgi kuwa sai an yi haƙuri da shi, domin dole baurin ya shiga har tsakiya. In aka yi gaggawa, sai waje ya jemu ciki yana ɗanye, kuma ƙarshensa tsagewa da wari da zarar damina ta kama. Turawa suna yin irin wannan jima da ɓawon itatuwan ƙasarsu. A garin Colyton na Ingila akwai wata tsohuwar majema da har gobe ƙirgi ke yin kimanin shekara guda a ramukanta kafin a fito da shi.

Ta zamani ana yin ta da gishirin kurom, wani sinadari da ake samu daga ƙarfen da Turawa ke kira chromium. Wani mai suna Augustus Schultz ne ya yi rajistar hanyar yin ta a Amurka a 1884, kuma yau mafi yawan fatar duniya da ita ake jemewa. Cikin kwana ɗaya ko biyu an gama, fatar ta fito da launin shuɗi-shuɗi. Manyan masana'antun Kano na Challawa da Sharaɗa da Bompai galibi irin wannan suke yi, kuma yawancin kayansu ƙasashen waje ake kaiwa, irin su Italiya da Sifaniya da Sin. Fatar kurom tana da laushi, tana jure ruwa, ta dace da takalmi da jaka da kujerar mota. Sai dai ba ta riƙe zane. Ka buga mata ƙarfe ta lotsa, an jima kaɗan ta taso kamar soso. Fatar bagaruwa kuwa in aka ɗan jiƙa ta sai ta zama kamar yumɓu, duk abin da aka danna mata ta karɓa, in ta bushe ya zauna ke nan.

Saboda haka wanda ya ce Kano cike take da fata ya yi gaskiya. Amma fatar da ke fita daga masana'anta tirela-tirela ba ita mai zanen bel yake nema ba.

Ƙirgi da tukunyar ganda

Sunan da ƙasar Hausa ta yi a duniya da fatar akuya ta yi shi. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ce ayari ke ketara Sahara da ita, Turawa suka saye ta a hannun 'yan kasuwar arewacin Afirka suka riƙa kiran ta fatar Maroko, suna yi wa littattafansu bango da ita. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ambaci takalman fata da jemammun fatu cikin manyan kayan da birnin ke fitarwa. Amma bel ba ya yiwuwa da fatar akuya ita kaɗai, don ba ta da kauri kuma tana miƙewa. Ƙirgin sa yake buƙata.

A nan ne baduku ke karo da mai tukunya. Fatar sa a Najeriya abinci ce. Mu muna ce mata ganda, Yarabawa su ce ponmo, kuma kasuwarta a kudu ba ƙarama ba ce. Mahauci ba ya jiran majemi, domin mai ganda yana tsaye da kuɗi a hannu, bai kuma damu da ko wuƙa ta ƙwarzane fatar wajen fiɗa ba. A 2022 shugaban cibiyar binciken fata ta ƙasa da ke Samaru, Zariya, wato NILEST, ya ba da shawarar a yi dokar hana cin ganda don a ceto masana'antar fata, aka kuwa yi ta cece-kuce. Ni ban ga yadda za a hana talaka abin da ya zame masa madadin nama ba. Hanyar da ta fi kusa ita ce majemi ya iya biyan mahauci abin da ya ɗara na mai ganda a kan fatar da aka feɗe da kyau. To majemi ba zai iya ba sai baduku ya biya shi, baduku kuma ba zai iya ba sai mai saye ya yarda. Igiya ɗaya ce ta ɗaure su duka.

Ko an samu ƙirgin, ba dukansa ke bel ba. Shanunmu suna yawo a daji, ƙaya ta karce su, kaska ta huda su, kirci ya ɓata musu baya, ga tabon lalas, ga ramukan wuƙar fiɗa. Sa'an nan gefen ciki sako-sako ne, in aka yanka bel daga nan sai ya miƙe ya lanƙwashe. Daga gadon baya zuwa kuturi ake yankan na kirki, a tsaye bisa tsawon dabbar, kuma ana buƙatar tsiri mai tsawon fiye da mita guda wanda babu huji ko tabo ko ɗaya a jikinsa. Baduku ya biya kuɗin ƙirgi duka, amma wani yanki kawai zai ba shi bel. Ragowar sai dai kube ko madaurin takalmi.

Yadda ake bugun zanen

Irin zanen da ake yayi yanzu, mai furanni da ganyaye masu nannaɗe juna kamar an sassaƙa su, ba daga gidan dukawanmu ya fito ba. Asalinsa aikin sirdi ne. Sifaniyawa, waɗanda birninsu Ƙurɗuba ya shahara da fata tun zamanin Andalus, sun tafi da shi Mekziko. Daga can makiyaya masu hawan doki suka shigar da shi yammacin Amurka. Salon da ya fi suna a yau ana danganta shi da garin Sheridan na jihar Wyoming, inda wani maƙerin sirdi mai suna Don King ya shahara da shi. Matasanmu da yawa a bidiyon waya suka koye shi.

Namu na gida yana nan da nasa kyawun. Masu yin gafaka da kube da tumtum da kayan dokin hawan sallah suna ja wa fata layi da ƙarfe, suna rina ta ja da karan dafi, baƙi da kuloko, su tsaga zane da aska su ɓare fuskar fatar don farin da ke cikinta ya fito, su yi ɗinkin ado da siraran zaren fata. Wanda ya zaga Unguwar Dukawa a Kano, ko Naraguta a Jos, ko kasuwannin Damagaram da Agadas, ya san hannun bai mutu ba. Abin da na fi so in gani shi ne an ɗora dagi da sauran zanen gininmu da na rigunanmu a kan bel, maimakon kowa ya riƙa kwaikwayon furen da ba ya tsiro a ƙasarmu.

Ko wane zane aka zaɓa, matakan kusan ɗaya ne. A yanke tsiri, faɗinsa yawanci milimita 32 ko 38 gwargwadon kan bel. A shafa masa ruwa, a bar shi ya tsotse har launinsa ya kusa komawa yadda yake. Wannan wurin yana neman ido: in ya jiƙe da yawa zanen ya cakuɗe, in ya bushe aska ta ƙi tafiya. A kwafi zanen a kai. A bi kowane layi da 'yar aska mai juyawa a tsakanin yatsu, a tsaga kimanin sulusi zuwa rabin kaurin fatar. Daga nan a ɗora ta kan dutse mai santsi a shiga bugu. Ƙarfe guda na kwantar da gefen layi don ganye ya taso, wani na yi masa inuwa, wani na danne filin da ke bayansa. Kan kowane ƙarfe bai fi ƙwayar wake ba, wani ma ƙwayar dawa, ga shi kuma tsawon mita guda za a cika. Bugu ne dubbai, ɗaya bayan ɗaya, kuma babu gogewa. Hannu ya goce sau ɗaya a kusa da ƙarshe, tsirin ya tashi daga na sayarwa.

Bayan zane akwai rini, da shafa mai, da feƙe baki a goge shi da kakin zuma har ya yi sheƙi, da huda ramuka biyar ko bakwai, da ɗaura kai. In za a yi masa shafi a ciki, sai an ɗinke gefe biyu da allura biyu masu gittawa ta huji ɗaya, ɗinkin da ko zare ya tsinke a wuri guda ba ya warwarewa. Bel mai zane daga kai har wutsiya yana cin yini guda cur, wani ya kai biyu.

Inji yana yin mai kama da shi cikin minti guda, ta hanyar danna farantin ƙarfe mai zane. Ana gane shi: zanen ba zurfi, babu tsagar aska, kuma kowane fure daidai yake da na gabansa ba ko ɗigon bambanci.

Lissafin da ba a cika yi ba

Bari mu yi lissafi da lambobin misali, kowa ya cire ya sa na garinsu. A ce baduku ya sayi ƙirgi naira 60,000, ya samu tsiri 12 masu kyau. Kowane tsiri ya tashi 5,000. Kan bel na tagulla ko ƙarfen da ba ya tsatsa, 2,000. Rini da mai da kaki da zare, 1,000. Kason hayar rumfa da kuɗin mota da lalacewar kayan aiki, 1,000. An kai 9,000 tun ba a ɗaga guduma ba.

Saura lokaci. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun 2024 naira 70,000 ne a wata. In aka raba shi ga kwana 22 na aiki, awa takwas-takwas, awa guda ta tashi kusan naira 400. Aikin awa goma ya zama 4,000, jimla 13,000. Wannan fa in an biya gwanin da ya yi shekaru yana koyo daidai da wanda aka ɗauka aiki jiya, kuma babu riba ko kwabo. In aka ce awarsa ta ninka haka sau uku, wanda bai yi yawa ga mai sana'ar hannu ba, bel ya tashi 21,000. In a kanti za a sayar, mai kanti ma zai ɗora nasa.

Yawancin dukawanmu ba haka suke lissafi ba. Sukan haɗa kuɗin kaya, su ɗora ɗan abin cefane, shi ke nan. Ka tambayi dattijo nawa ne kuɗin lokacinsa, sai ya ce, "Haba ɗana, ai hannuna ne, ba saya na yi ba." A wannan maganar asarar take. Ga al'adar ciniki kuma: ya faɗi kuɗi, a taya rabi, ya ce albarka, a ja a ja, ƙarshe ya sallama don yana buƙatar na abincin dare. Kuɗin fata ba ya raguwa, na kan bel ba ya raguwa, don haka duk abin da aka zabge daga ladan guminsa aka zabge. Tun da aka cire tallafin fetur aka kuma saki naira a 2023, kayan da ake shigowa da su, irin su kan bel da rini da zare da ƙarafan zane, sun yi tashin gwauron zabi. Ladan hannu ne kaɗai bai bi su ba.

Hujjar mai saye

Shi ma mai saye yana da ta cewa, kuma ya kamata a saurare shi. Mai albashin 70,000 ba zai zuba kusan sulusinsa a bel ba, ko da an rantse masa zai shekara goma. Ana cewa araha ba ta ado, kuma gaskiya ne wanda ke sayen na roba sau biyu a shekara zai iya kashe fiye da kuɗin na ƙirgi cikin 'yan shekaru. Amma shi kaɗan-kaɗan yake biya, kuɗin a dunƙule ne ba shi da su. Ba wauta ce ke sa shi sayen mai araha ba.

Akwai kuma abin da ake mantawa. Bahaushe mai kaftani da babbar riga zariya ce ke riƙe masa wando. Bel na ɗan makaranta ne, da ma'aikacin ofis, da mai kaki, da saurayi mai wandon jins. Ko su ɗin ma, sau da yawa riga ta sauko ta rufe shi. Makiyayin Amurka yana cusa riga cikin wando, bel ɗinsa a fili yake, ado ne da ake gane shi da shi. Kasuwar bel mai zane a arewa ba ta da faɗi, kuma duk badukun da ya shiga wannan layi ya san masu sayensa sun fi yawa a Abuja da Legas da ƙasashen waje. Ga kuma masu sana'ar Aba, waɗanda ke fitar da bel da yawa a kan kuɗin da mai aikin hannu ba zai iya kusanta ba.

Wasu dukawan su ma sun ɓata wa sana'ar suna. Akwai mai sayar da na inji da sunan na hannu. Akwai mai amfani da ƙirgin da bai gama jemuwa ba, ko rinin da ke zuba a jikin farin yadi ranar Juma'a. Akwai wanda za a ba shi kafin alƙalami a yi sati shida ana sintiri. Wanda aka taɓa yi wa haka, in ya taya bel da rabin kuɗi, tsoro ne yake tayawa.

Inda abin zai taɓa mutane

In aka ci gaba da sayar da aikin yini biyu a kan ladan rabin yini, abin da zai fara ɓacewa shi ne almajiran sana'a. Yaro yana ganin abin da maigidansa ke komawa gida da shi, yana kuma ganin na abokinsa mai tuƙa adaidaita. Daga nan sai majemin da ke jeme ƙirgi da bagaruwa ya rasa mai saye, ya koma fatar akuya ko ya bari. Tuni wasu masu zanen suka koma sayen ƙirgin waje da dala, a ƙasar da ake yanka shanu dubbai kowace safiya.

Wasu matasan sun fara samo mafita ta hanyar raba aikinsu hawa-hawa. Bel na ƙirgi zalla ba zane, wanda bai fi aikin awa ɗaya ko biyu ba, kuɗinsa ya fi kusa da aljihun ma'aikaci, kuma ƙarkonsa daidai yake da na mai zane, tunda zane ado ne, ƙarfi daga fata yake. Sai mai ɗan zane a baki ko suna a baya. Sai cikakken zane, wanda ba a fara shi sai an biya rabi. Da haka mai ƙaramin ƙarfi ya samu abin da zai daɗe masa, mai hali kuma ya biya kuɗin awannin da ya nema.

Wanda zai ba da aiki, ya tambayi abu uku: wace irin jima aka yi wa fatar, daga wane ɓangaren ƙirgi aka yanko ta, kuma awa nawa zanen zai ci. Badukun kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wajen awo kada a dogara da lambar wando. A ɗauko tsohon bel, a auna daga inda fata ta naɗe kan ƙarfe zuwa hujin da aka saba sawa, wannan tsawon shi zai zama hujin tsakiya. In ruwa ya doke shi a shanya a inuwa, kada a kai shi rana ko bakin murhu, in kuma hunturu ya busar da shi a ɗan shafa masa man kaɗanya kaɗan a goge da tsumma.